Takardar Manzo da Ta Kwana a Hannuna

Litinin, 15 ga Zulhajji, 1354

Tafintan kumandan, Nasaran da ke mulkinmu, ya ce a lissafin Nasara 1936 ake ciki. Na rubuta ne don kada in manta.

Abin da zan sa a nan ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko A'i da muke cin tuwo ƙwarya ɗaya. Baba ba ya ganin rubutu. Tun damanar bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Yana gane mutum, yana gane hanyar masallaci, amma baƙi a kan takarda sai ya ce kamar tururuwa ce aka watsa wa ruwa.

Duk Gure an san in takarda ta zo, gidan Malam Ma'azu ake kawo ta a karanta. Sai ya karɓa, ya jujjuya, ya ce, “A bar ta ta kwana, gobe ka dawo.” Mutane na yabonsa, wai ba ya gaggawa da maganar mutane. In sun tafi sai ya kira ni ɗaki, a saki asabari, in yi ta karanta masa har ta zauna masa a ka. Kashegari ya riƙe takardar a zaure ya zuba musu tiryan-tiryan. Ran nan a juye ya riƙe ta. Ba wanda ya lura. Ni kaɗai da ke leƙe ta hudar zana na gani.

Da wasa ya koya mini ajami, don Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Yanzu ga shi ni ce idonsa.

Akwai magana ta biyu. Hannuna ya ƙi. Sai gobe.

Talata, 16 ga Zulhajji

Kullum da sassafe nakan hau jakinmu Duna in tafi kwari wurin Ya Kaka, kakata ta wajen Inna, in taya ta ban ruwan albasa, in dawo da la'asar. Duna ya fi ni sanin hanya, ko sanda ba na ɗaga masa. Da mun bar gidajen ƙarshe sai in zaro littafina daga cikin zane.

Ba littafi ba ne sosai, warƙoƙi ne da aka ɗaure da zare. A gafakar wani abokin Baba da ya rasu na tsince su. Baba ya zaci waƙar wa'azi ce, na bar shi a haka. Labarin wata Zaliha ce da wani ɗan fatake da ya sauka gidan ubanta. Ba ta taɓa yi masa magana ba, sai dai ta jefa zobenta cikin furar da za a kai masa. Ranar da zai tafi ta ɗauke linzamin dokinsa ta ɓoye ƙarƙashin shimfiɗarta. Ya fito da asuba ya nema ya rasa, daga nan gara ta cinye sauran. Na karanta har ban san iyaka ba, kullum in na iso wurin sai in juya warƙar ƙarshe, kamar yau za a samu ƙari.

To, maganar ta biyu.

A kan babban tudun yashi, inda ake fara hango kawunan goriba, muke gamuwa da Manzo. Ni ina fita, shi yana shigowa gari da jakunansa da kayan kaba. A kan jakin baya yake zama, ƙafafu na reto, yana kaɗa gurmi. Yakan ce, “Sannu 'yar Malam.” In ce, “Yauwa.” Tun kaka har yau iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan.

Na rubuta sunansa. Ban mutu ba.

Alhamis, 18 ga Zulhajji

Yau ya makara, sai ga shi ya biyo ta garkar Ya Kaka neman ruwan sha. Na laɓe bayan jigo ina ta jan guga, alhali kwamin ya riga ya cika har yana malala.

Ya Kaka ta ce, “Wushe, sannu, maigidan banza. Ka zo shan ruwana ko ɓarin goro babu?”

Ya ce, “Ya Kaka, ki bari in zama makaɗin manya a Damagaram. Zane zan aiko miki har da ɗankwali.”

“Da wane kiɗan? Wannan da jakuna ma suka haddace?”

Ya yi dariya har ruwa ya sarƙe shi. Sai kuma ya daina. Ya ce kiɗa uku kaɗai ya iya, su kawunsa Abarshi ya koya masa kafin ya koma Damagaram. Kawun ya yi alkawari in hannun yaron ya nuna zai aiko a kira shi. “Ni dai ina jira,” in ji shi. “A nan ba wanda zai ƙara mini ko tsinke.”

Da ya tafi Ya Kaka ta dube ni ta dubi kwamin. Ta ce, “Habsu, albasa nake nomawa, ba shinkafa ba.”

Juma'a, 19 ga Zulhajji

Bayan an sauko daga masallaci Manzo ya shigo zaure kamar yadda ya saba kowace Juma'a. “Allah gafarta Malam, ko an samu takarda daga kawu?” Baba ya ce babu tukuna, mahaƙurci mawadaci. Ta hudar zana ƙafafunsa kaɗai nake gani. Igiyar takalminsa na hagu ta tsinke, ya ɗaure da kaba.

Litinin, 22 ga Zulhajji

Yashi yana haɗiye sawun jaki, don haka kiɗan ke riga shi isowa. Da fari ban tabbata ko kunnena ne. Sai Duna ya miƙe kunne. Sai in rufe littafi, in sa yatsa a inda na tsaya, in yi kamar ina duban wata ƙaya a gefen hanya.

Kiɗa na farko na tafiya ne, daidai da takun jaki. Na biyu mai zafi, irin na 'yan kokawa. Na ukun ban san na mene ne ba. Yana hawa kamar zai yi tambaya, sai ya sauko bai yi ba. In na ji shi da safe, ko jan guga ba ya yi mini nauyi ranar.

Na san matsayina. Ba a ba makaɗi 'yar malami, ko a labari ban ji ba. Ranar da Inna ta ji A'i tana bin waƙar 'yan mata da tafi a ƙofar gidanmu sai da ta kore ta da mafici. Ni ba aure nake roƙo ba. Ni dai kada tudun ya yi shiru.

Laraba, 24 ga Zulhajji

Ya Allah.

Na dawo daga kwari na tarar da raƙuma a ƙofar gida. Madugu Ibram ne daga Damagaram. Baba yana masallaci. Ya miƙo mini ƙunshin takardu a tsumma, ya ce, “Ungo 'yar Malam, ni ban san ta wa da ta wa ba, ubanki ya raba.” Ko sauke kaya bai yi ba, wai za su wuce Kelle da gaba. Sai Juma'ar bayan Cika-ciki za su dawo su kwana nan, Asabar da asuba su kama hanyar gida.

Na shiga ɗaki na duba sunaye, yadda na saba. Ta ƙarshe an rubuta, zuwa ga Manzo ɗan Yabawa.

Ban yi niyyar buɗewa ba. Ƙarya nake. Na yi.

Bayan gaisuwa Abarshi ya ce hannunsa ya fara rawa, ba ya iya danne tsirkiya. Ya ce gidajen da yake yi wa kiɗa suna tambayar magaji. Ya ce, ka biyo Ibram in zai dawo. In ban gan ka cikin ayarinsa ba na san ba ka so, zan ba wani yaro gurmina, kuma ba zan sake aikowa ba. Ya ce bai ba da saƙon baki ba don saƙon baki yana ƙiba a hanya.

Da Baba ya dawo na karanta masa sauran. Wannan na sa ta cikin littafin Zaliha, daidai wurin linzami.

Alhamis, 25 ga Zulhajji

Kwana ɗaya dai. Ai kowace takarda sai ta kwana.

Juma'a, 26 ga Zulhajji

Manzo ya ji labarin Ibram ya wuce. Yau ko gaisuwar bai ƙarasa ba.

“Allah gafarta Malam, an ce an kawo takardu.”

Baba ya ce an kawo, kuma an ba masu su. Manzo ya ce ko wata ta maƙale cikin tsumma, a taimaka a sake dubawa. Sai Baba ya ɗaga murya, “Habsu! Akwai saura a ɗaki?”

Ina tsaye bayan zana, littafin na ɗaure a cikina. Na ji bakina ya ce, “Babu, Baba.”

Baba ya ce masa, “Ka ji. Wallahi da akwai da ba ta wuce kwana ɗaya a gidan nan ba.”

Baba ba ya rantsuwa. Ko a kan kuɗin gado ban taɓa jin ya rantse ba. Yau ya rantse a kan maganata.

Manzo ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ce, “To, Allah ya sa haka ya fi alheri.” Takalmin nan mai kaba ya fita.

Asabar, 27 ga Zulhajji

Na kasa cin tuwo. Inna ta ce shawara ce, ta jiƙa mini tsamiya.

Litinin, 29 ga Zulhajji

Ya kaɗa yau, na tafiya kaɗai. Ya ce sannu, na ce yauwa. Ga shi nan, bai je ko'ina ba. Abin da na so ke nan, ko ba shi ba?

Na buɗe littafi bayan ya wuce, takardar ta zamo ta faɗa kan wuyan Duna. Saura kaɗan iska ta tafi da ita. Na cafke ta da hannu biyu har na kusa faɗowa. A hanya na yi ta tambayar kaina, da na bar iska ta ɗauka, ai da an huta. Me ya sa na cafke?

Laraba, 2 ga Muharram, 1355

Sabuwar shekara. Duna bai miƙe kunne ba.

Sai da muka kusa karo na gan su. Yana tafe a ƙasa bayan jakuna, sanda a kafaɗa, ba gurmi. Ya ce sannu 'yar Malam bai ɗago ba. Ashe haka tudun yake: ƙarar kaba tana gugar juna, da numfashin jakuna, shi ke nan. Ban taɓa sanin yana da tsawo haka ba.

Alhamis, 3 ga Muharram

Shiru.

Juma'a, 4 ga Muharram

Bai zo zaure ba. Baba ya zauna har la'asar, ya ce, “Yaron nan mai jakuna lafiya kuwa?” Na ce ban sani ba.

Lahadi, 6 ga Muharram

Ya Kaka ce ta kwance mini zancen, muna cirar albasa. Ita ba abin da ke wuce ta, matan da ke zuwa ɗiban ruwa suna kawo mata gari duka.

Ta ce Manzo ya rataye gurmin a rumbu. Ubansa ya ce tunda kawun ya manta da shi, to wasan yara ya ƙare. Kuma mai unguwa yana tara samarin da za a ba gardi, dogarin kumandan, don aikin hanyar motar kumandan, kowane gida mutum ɗaya. Da ƙanen uban ne zai tafi, yanzu an ce Manzo ya je, tunda ba inda za shi. Bayan Cika-ciki za a kwashe su.

“Fasa dutse,” in ji Ya Kaka. “Ka ga yatsun da suka dawo daga can bara? Ko ƙulla wando ba sa iyawa.” Ta jefa albasa cikin kwando. “Shi ma Abarshin, tsohon kawai. Ka sa yaro jira, ka yi shiru kamar kabari.”

Na ce, “Wataƙila ya aiko, ba ta iso ba.”

Ta tsaya ta dube ni da idon nan nata ɗaya mai kyau. “Wa ya tambaye ki?” Can kuma ta ce, “Ke dai in ba ki iya ɗaukar tulu ba, kada ki tare bakin rijiya.” Ban san abin da ta sani ba. Ban tambaya ba.

Dawowa ban buɗe littafi ba.

Litinin, 7 ga Muharram

Na buɗe yau. Na karanta wurin linzamin a hankali. Da ina ganin ba abin da ya kai shi daɗi: ya fito da asuba, ya nemi linzami ya rasa, ita tana bayan ƙyaure tana jin bugun zuciyarta. Kullum nakan ƙarasa da kaina, in ce sai ya gane, sai ya yi murmushi, sai ya kwance sirdi.

Yau sai na tuna abokan tafiyarsa. Ai ba za su jira shi ba. Za su tafi da hajarsu su bar shi a garin mutane, da doki ba linzami. In ya zauna, me zai zama? Wanda ya rubuta bai faɗa ba, ko ya faɗa gara ta ci. Wataƙila gara ta san abin da ta ci.

Ni ba Zaliha ba ce ma. Ita ko zobe ta jefa. Ni yauwa kaɗai na taɓa cewa.

Talata, 8 ga Muharram

An kawo takarda daga Gidigir, maganar gona tsakanin wa da ƙane. Ina karanta wa Baba na yi tuntuɓe a wuri mai sauƙi, na sake, na sake yin tuntuɓe.

Ya ce, “Muryarki ba taki ba ce kwanan nan.”

Na ce zafi ne.

Ya ja tasbaha. Sai ya ce, “Habsu, kin san abin da ke hana ni barci? Mutum ya kawo mini takarda, ya tafi da abin da na faɗa masa, ya sayar da gona ko ya saki mata a kai. Ni kuwa ban ga ko alif ba. Ranar gobe ni za a tambaya, ba ke ba. Da na ce a kai wa wani, amma in ba zauren nan me na rage?” Ya laluba ya dafa kaina. “Allah ya yi miki albarka. Ci gaba.”

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 9 ga Muharram

Na so in ba Baba takardar yau. Na je har bakin ɗaki. Liman ya yi sallama, suka zauna hira har magariba. Na ji daɗi da ya zo, Allah ya yafe mini.

In na ba shi gobe, dole ta kwana, don bai taɓa karanta wa kowa a ranar ba, in ya yi za a yi mamaki. Sannan sai an aika a nemo Manzo, shi kuwa ya daina zuwa. Sannan sai ya shawo kan ubansa, uban ya je wurin mai unguwa kafin a miƙa suna. Ibram kuwa Asabar da asuba. Kowace hanya na bi sai in ga na riga na cinye kwanakin.

Da safe na ga Manzo. Ya rame, ko idona ne.

Alhamis, 10 ga Muharram, Cika-ciki

Inna ta dafa wutsiyar ragon layya da ta ajiye tun Salla. Aka ce kowa ya ci ya ƙoshi, wanda bai cika cikinsa yau ba haka zai ƙare shekara. A'i ta zo karɓar kuɗin shara wurina, tunda ita 'yar kawuna ce, ta ce, “Baiwata, biya ni, ko in tona.” Na zaci takardar take nufi. Ashe maganar kitson da na ɓata mata take. Na ba ta dabino ta tafi tana tsalle.

'Yan mata suna ta waƙa a dandali tun la'asar, da ganga, da tafi. Ba gurmi. Wata ta yi ta kiran “Ina Manzo?” aka ce yana gida.

Na ci tuwo. Na cinye ma.

Na fitar da takardar daga littafin. Ta yi laushi don zufa, amma baƙin bai goge ba. Ko ya goge na haddace ta, ni ma 'yar Malam Ma'azu ce.

Gobe a kan tudu. Zan sauka daga kan Duna, don in ina sama zan iya wucewa. Zan miƙa masa da hannu biyu. Bai iya karatu ba, to zan faɗa masa abin da ke ciki daga gaisuwa har ƙarshe, ba ragi, har da maganar saƙon baki. In ya ce wa ya karanta, zan ce a gidanmu aka karanta. Ba ƙarya ba ce, kuma idon Baba ya tsira. In ya ce yaushe ta zo, zan faɗa masa ranar. In ya ce don me, nan ne ban sani ba. Wataƙila in dubi ƙaya.

Baba kuma sai na dawo da la'asar. Rantsuwarsa tana wuyana, shi zai faɗa mini yadda ake sauke ta.

Tudun zai yi shiru. Ai ya riga ya yi. Gara ya yi shiru ana kiɗan a wani wuri.

Na gwada faɗa wa Duna a turke kafin magariba. Sau na farko na tsaya a gaisuwa. Na biyu na kai ƙarshe. Ya kaɗa kunne ɗaya.

Littafin zan bar shi a gida gobe. Ba don komai ba, zaren ne ya fara saki.